Kun Tambaya, Mun Amsa: Ta ina aka shige min akawun ba a taɓa fasawod ɗina ba?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan watan kusan duk waje ɗaya suka nufa, maganar seshon, wato zaman mutum a cikin akawun daga shiga zuwa fita, don haka na tattara su wuri guda. Masu tambayar gyaran waya da batir ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni 'yar kasuwa ce ina saida atamfa da leshi a onlayin, fasawod ɗina mai ƙarfi ne har da wannan lambar da suke turowa a waya kafin a shiga duk na sa. Amma satin da ya wuce sai kwastomomi suka fara kirana wai na turo musu sabuwar akawun namba su biya, alhali ba ni bace, kuma wallahi ko lamba ɗaya bata shigo wayata ba. Abun da na sani kawai wani ya turo min fayil wai katalog ɗin kaya ne daga Dubai, na buɗe a laftof ɗin ɗana bai nuna komai ba na rufe. To ta ina suka bi? *Daga wata 'yar kasuwa, Kano*

Amsa: Hajiya sannu, Allah ya mayar da alheri. Ta wannan katalog ɗin suka bi, kuma basu buƙaci fasawod ɗinki ba balle lambar waya.

Kin ga shi shafin intanet ba ya riƙe fuskar kowa, duk dannawar da kika yi sabon baƙo yake ganinki, haka aka gina tsarin HTTP tun asali. Don kar a dinga tambayarki fasawod a kowane shafi, da zarar kin shiga sai saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta ba birawzarki wata doguwar lamba ta ajiye a ɗan fayil da ake cewa kuki, wani injiniya a kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ne ya kawo dabarar a 1994. Daga nan duk inda kika danna birawza zata miƙa lambar, saba ta duba tace eh na santa, wuce. Wannan zaman daga shiga zuwa fita shi ne seshon. Kamar katin da masu gadin babur ke bayarwa ne a bakin kasuwa, mai gadi baya tambayar waye kai, duk wanda ya kawo katin shi zai tafi da babur ɗin.

To fayil ɗin da kika buɗe ƙaramar manhajar sata ce aka yi mata kama da takarda, aikinta ta kwashe kuki da fasawod ɗin da ke cikin birawza ta aika wa mai ita cikin 'yan daƙiƙu. Shi kuma ya zuba kukin a tashi birawzar, shafin ya ga ai ke ce kin riga kin shiga, to me zai sa ya turo lamba a waya? Lambar a bakin ƙofa ake tambayarta, shi kuwa a tsakar gida ya tsinci kanshi.

Kuma kar ki ga kamar ƙauyanci ne ya ja miki. A watan Maris na 2023 haka aka yi wa tashar Linus Tech Tips ta YouTube, mutanen da sana'arsu kenan bayanin kwamfuta, mabiya sama da miliyan 15, wani ma'aikacinsu ya buɗe fayil da aka ce takardar masu son bada talla ce, kafin gari ya waye an canza wa tashar suna ana tallar damfarar kirifto. A 2021 ma waɗanda suka kutsa kamfanin wasanni na EA sun faɗa wa 'yan jarida cewa dala 10 kacal suka sayi kukin da ya shigar dasu Slack ɗin kamfanin, manhajar da ma'aikata ke hira a ciki. Eh, akwai kasuwarshi.

Abun yi, kuma ki bi shi a jere: kar ki canza fasawod a wannan laftof ɗin, don sabon kukin ma za a sake ɗaukeshi. Ki yi amfani da wayarki, ki canza fasawod, ki shiga saitin tsaro ki nemi inda aka jera na'urorin da ke cikin akawun ɗin ki fitar da duka, ki duba ko an canza imel ko lambar wayar da ake dawo da akawun da su. Imel ɗinki ma haka zaki mishi, da duk wani abu da aka taɓa shiga a laftof ɗin. Sannan a kai laftof ɗin a goge shi gaba ɗaya a zuba sabon Windows. Kwastomomi kuma ki yi musu sanarwa yau, ba gobe ba.

Tambaya: Salam Malam, ina ajin ƙarshe a kwamfuta sayans, furojet ɗina fotal ne na duba sakamako da PHP zalla na rubuta. Sufabaiza ya duba yace login ɗina yana da matsalar kafa seshon, in je in gyara, bai min bayani ba kuma kasan halinsu ba a cika tambaya ba. Ni dai na yi hashin ɗin fasawod kuma na toshe SQL injection, me ya rage? *Daga wani ɗalibi, Zariya*

Amsa: Ƙanena ka gode Allah da ka samu sufabaizan da ke buɗe kod, da yawa babi na ɗaya zuwa na biyar kawai suke karantawa su sa hannu. Gaskiya ya faɗa maka, kuma ban ga kod ɗinka ba amma zan iya rantsuwa ga yadda yake: session_start() a sama, ka duba fasawod, in yayi daidai ka zuba lambar ɗalibi a $_SESSION ka tura shi dashbod. Haka kusan duk tutoriyal na YouTube ke koyarwa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba sai a lambar PHPSESSID. Ita PHP tun lokacin da mutum ya buɗe shafin login take bashi lambar, kafin ya rubuta komai, kuma in baka ce ta canza ba wannan lambar ce dai zai cigaba da ita bayan ya shiga. To ka ɗauka a kafe ne, irin inda ɗalibai ke layi lokacin rijista kwamfuta ɗaya mutum talatin, ni mugu na zauna na buɗe shafin login ɗinka, na kwafe lambar kukin a wayata na tashi na bar shafin a buɗe, wata ta zo ta zauna ta sa lambarta ta ɗaliba da fasawod ta shiga, yanzu lambar da ke aljihuna ta zama ta wadda ta shiga, daga gida zan sa ta a birawzata in zama ita. Ban saci komai ba fa, ni na kafa lambar ita ta zo ta busa mata rai. Wannan matsalar tsohuwa ce, tun Disamban 2002 Mitja Kolšek na kamfanin ACROS ya rubuta takarda a kanta, amma har gobe ana haifarta a sababbin furojet.

Gyaran layi ɗaya ne, da zarar fasawod yayi daidai, kafin ka zuba komai a $_SESSION, ka kira session_regenerate_id(true). Wannan true ɗin shi ke goge tsohuwar. Haka zaka yi duk lokacin da matsayin mutum ya canza, misali ya koma admin. Kar dai zumuɗi ya sa ka dinga canza lambar a kowace dannawa, su kansu masu PHP sun yi gargaɗi cewa a netwok mai yankewa sabuwar lambar na iya ɓata a hanya mutum ya ga an fitar dashi ba dalili, kai kuma kasan irin netwok ɗinmu.

Akwai wani abu da ya fi bani haushi a PHP, yadda take zuwa in birawza ta kawo lambar da ita bata taɓa bayarwa ba, ko da mutum ne ya ƙirƙira da kanshi, sai ta karɓa ta buɗe seshon da ita. Masu PHP sun kawo maganin tun PHP 5.5.2, session.use_strict_mode, amma a kashe yake zuwa sai ka kunna da hannunka. Ka sa shi 1. Ka kunna session.cookie_httponly don JavaScript ya daina ganin kukin, da session.cookie_secure don kar ya bi ta hanyar da ba HTTPS ba, wato wadda ba a kulle ba, ka sa SameSite a Lax. Shi wannan Secure ɗin akwai tarihi a bayanshi, a Oktoban 2010 wani Eric Butler ya saki ƙarin Firefox mai suna Firesheep, kana zaune a waifai na jama'a sai hotunan masu Facebook da Twitter da ke kusa da kai su jeru a gefe, ka danna ɗaya ka zama shi, saboda shafin login kaɗai ake kullewa, sauran zirga-zirgar da kukin a fili take tafiya. Wannan abun kunyar na cikin abun da ya tura manyan shafuka suka koma HTTPS gaba ɗaya.

Kuma kar wani yace ai da firemwok, wato ginannen tsarin kod irin Django ko Laravel, ka yi amfani da baka shiga wannan ba. Django kam login() ɗinta tana canza lambar da kanta, amma a Laravel in da hannu ka rubuta login ɗinka takardunsu sun ce ka kira $request->session()->regenerate(), Passport kuwa, manhajar login da 'yan Node ke ji da ita, sai a 0.6.0, shekarar 2022, ta fara sabunta seshon a shiga da fita. In ka je difens ka faɗi wannan zaka ga fuskar 'yan fanel ta canza.

Tambaya: Yallaɓai ina haɗa wa ƙananan shaguna manhajar lissafin kaya, wasu da Flask wasu da Laravel. Wani abokina ya ga kod ɗina a GitHub yace SECRET_KEY ɗina da fayil ɗin .env suna fili, na goge su nan take. Shikenan ko akwai saura? Ni dai ban ga amfanin wannan makullin ba, daga tutoriyal na kwafo shi. *Daga wani mai haɗa manhaja, Maraɗi*

Amsa: Ɗan'uwa akwai saura, babba ma. Na farko gogewar bata goge komai ba, git, tsarin da GitHub ke ajiye kod dashi, yana riƙe tarihi, duk wanda ya koma komit ɗin baya, wato ajiyar da ka yi kafin gogewar, zai ga fayil ɗin yadda yake, kuma akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai shara a GitHub suna neman irin wannan. Makullin da ya taɓa fita ya mutu, sai dai sabo.

Amfaninshi kuwa, Flask bata ajiye seshon a saba, gaba ɗayan bayanin take dunƙulewa ta ba birawza ta riƙe, sai ta buga mishi hatimi da SECRET_KEY don in an taɓa ta gane. Hatimi kawai fa, ba a ɓoye rubutun ba, kowa zai iya warware kukin ya karanta abun da ke ciki, don haka wanda ke zuba sirri a seshon ɗin Flask ya daina. To wanda ya san makullinka zai zauna a ɗakinshi ya rubuta kuki da ke cewa ni ne mai lamba 1, wato admin, ya buga hatimin da kanshi, sabarka ta karɓa hannu bibbiyu. Akwai ma ƙaramar manhaja flask-unsign da ke gwada makullan da aka saba kwafowa ɗaya bayan ɗaya har ta dace.

Abun da ya samu Apache Superset kenan, manhajar nazarin bayanai da aka gina kan Flask wadda manyan kamfanoni ke amfani da ita. Tana zuwa da makulli na misali da aka ce kowa ya canza, mutane basu canza ba. A Afrilun 2023 masu bincike na Horizon3 suka fitar da rahoto cewa cikin sabobi sama da 3000 da suka gani a intanet kusan biyu cikin uku da makullin misali suke aiki, lambar matsalar CVE-2023-27524. Gyaran da aka yi a siga ta 2.1 ya burge ni, in baka canza makullin ba manhajar ƙin tashi take yi kwata-kwata. Ni a ganina laifin na masu firemwok ne tun farko, in ka san mutane kwafa suke yi to kar ka basu abun da in an kwafa zai yi aiki. Je ka duba misalin express-session, kalmar sirrin da suka sa keyboard cat ce, Allah kaɗai ya san sabobi nawa ke aiki da wannan kyanwar yanzu haka.

Na Laravel ya fi muni a tsofaffin sigogi. APP_KEY, makullin Laravel da ke cikin .env, ke kulle kuki, kuma kafin 5.6.30 abun da aka buɗe daga ciki ana miƙa shi ga unserialize na PHP, ma'ana mai makullin ba shiga akawun kawai zai yi ba, umarni zai ba sabar taka ta aiwatar, CVE-2018-15133 kenan. Django ma ta taɓa zama a irin wannan hatsarin da pickle, takwaran unserialize a Python, shi yasa tun 1.6 ta koma JSON, a 5.0 ta cire na pickle ɗin gaba ɗaya.

Ka yi php artisan key:generate a kowace manhajar Laravel, kowane shago da nashi makullin, kar ka raba musu ɗaya. Kowa zai ga an fitar dashi sai ya sake login, fasawod ɗinsu ba zai lalace ba don ba da APP_KEY ake hashin ɗinshi ba, amma in akwai bayanan da ka kulle da Crypt a databes sai ka buɗe su da tsohon ka sake kullewa da sabon tukuna. Fasawod ɗin databes da na imel da makullan biyan kuɗi da ke cikin .env ɗin duk a canza. Sannan tunda nasan a cPanel kuke ɗorawa, buɗe birawza ka rubuta adireshin shafin ka ƙara /.env a ƙarshe, in ya buɗe to gaba ɗaya furojet ɗin ka juye a public_html maimakon folda public kaɗai. APP_DEBUG kuma ya zama false.

Tambaya: Malam mun sallami wani ma'aikaci a makarantarmu, na sa wanda ya haɗa mana fotal ya canza fasawod ɗinshi, amma bayan kwana biyu muka ga an taɓa makin wasu yara da sunanshi. Mai fotal ɗin yace ba zai yiwu ba. Wa zan yarda dashi? *Daga wani shugaban makaranta, Gombe*

Amsa: Ranka ya daɗe, ka yarda da abun da idonka ya gani, zai yiwu sarai. Canza fasawod sabuwar shiga yake hanawa, wanda ke ciki tun jiya a wayarshi yana nan zaune sai in an rubuta kod ɗin da zai kore shi. Django na yin wannan da kanta, in fasawod ya canza sauran seshon ɗin mutum sun mutu, amma PHP zalla bata yi, Laravel ma sai an kunna AuthenticateSession.

In kuma JWT, wato tokin, shaidar shiga mai hatimi da ake ba birawza ta riƙe, mai fotal ɗin ya yi amfani dashi, wanda yanzu yara ke sa wa komai don ana yayinshi, to abun ya fi haka. Shi tokin ɗin saba bata ajiye lissafinshi, hatimi da ranar ƙarewa kawai take dubawa, in an bashi wata guda to wata guda zai yi yana aiki, ko an danna logawut, don logawut ɗin a birawza kawai yake gogewa, wanda ya kwafe ya ajiye nashi na nan da rai. Duk seshon ɗin da ke zaune cikin kuki kaɗai, na Flask ko CookieStore na Rails, haka yake. Fotal ɗin makaranta mai ma'aikata hamsin me ya kai shi wannan wahalar? Tebur ɗaya a databes ya isa, kowane seshon da layinshi, ka sallami mutum a goge layukanshi, magana ta ƙare.

Manya ma sun sha wannan. A Oktoban 2023 Citrix, mai yi wa kamfanoni na'urorin netwok, ta fitar da gyaran ramin da aka sa wa suna Citrix Bleed, wanda ke zubar da tokin ɗin seshon daga na'urorinta, sai kamfanin Mandiant ya yi gargaɗi cewa ɗora gyaran kaɗai bai isa ba, dole a kashe duk seshon ɗin da ke raye don waɗanda aka riga aka sace suna aiki. Ta wannan ramin 'yan kutsen LockBit suka shiga kamfanin jiragen sama na Boeing.

Ka ce wa mai fotal ɗin yau ya kashe seshon ɗin kowa da kowa, ya sa maɓallin dakatar da ma'aikaci wanda ake dubawa a kowace dannawa, ya sa lokacin mutuwa in an bar shafi ba a taɓa ba, ƙungiyar tsaron manhajoji ta OWASP na bada shawarar minti 15 zuwa 30 ga shafin da ba na kuɗi ba, kuma a sabar za a ƙirga lokacin. Amma ka bi a hankali wajen zargin wanda aka sallama, sunanshi a rikod yana nufin an yi amfani da seshon ɗinshi ne kawai, ƙila kwamfutar ofis ya bari a buɗe wani ya zauna. A duba adireshin IP da lokacin tukuna.

Tambaya: Na shiga fotal in biya kuɗin makaranta sai na ga sunan wata da hotonta maimakon nawa, na rifresh ya dawo daidai. An yi min kutse ne? *Daga wata ɗaliba, Katsina*

Amsa: 'Yar'uwa da wuya kutse ne, ya fi kama da saba ce ta rikice. Lokacin cunkoso masu shafi kan sa ma'ajiyar wucin gadi a gaba don rage wa saba nauyi, in ba a saita da kyau ba sai ta ajiye shafin wata ta miƙo miki. Ranar Kirsimetin 2015 haka ta faru da Steam, shagon wasannin kwamfuta na onlayin, kusan mutum 34,000 aka nuna wa wasu shafukansu. Wani lokacin kuma kukin ne kanshi ke ɓatan kai, a ranar 8 ga Maris 2021 GitHub ta fitar da duk masu amfani da ita daga akawun saboda wani kuskure a kod ɗinta na Rails da kan sa amsar wani ta tafi da kukin wani, su suka ce abun bai kai kashi 0.001 cikin ɗari na seshon ba, duk da haka suka kori kowa. Wannan shi ne sanin ya kamata.

Ki yi logawut ki sake shiga, ki kai rahoto ofishin ICT da ranar da lokacin. In ya sake faruwa kar ki tsaya leƙe-leƙe ko taɓa wani abu a shafin mutane, kar kuma ki watsa hoton a guruf, dokar laifukan intanet ta 2015 bata wasa da shiga inda ba a baka izini ba. Su kuma hukumar makarantar su sani dokar kare bayanai ta 2023 ta basu awa 72 su sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC in bayanan mutane sun fita ta yadda zai iya cutar dasu. Gyaran nasu shi ne duk shafin da sai an yi login ake gani ya fita da Cache-Control: no-store.

Tambaya: To Malam a taƙaice wanne firemwok ne yafi tsaro in koya? *Daga wani mai karatu, Kumasi*

Amsa: In dole sai na zaɓa maka, Django, don ita ce ta fi yi wa mai mantuwa aiki. Amma ita ma SESSION_COOKIE_SECURE ɗinta False yake zuwa, seshon ɗinta kuma sati biyu yake rayuwa in baka rage ba. Kafin ka ɗora komai ka buga python manage.py check --deploy ka karanta abun da zata lissafo maka, ka gyara su ɗaya bayan ɗaya.